An San Ubansa, Ba a San Ubangidansa Ba: Sauya Mallakar Dokin Tsere Mai Salsala a Dokokin Birtaniya da Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda mallakar dokin tsere na jinsin Thoroughbred ke fita daga hannun wani ta koma hannun wani a Birtaniya da Ayalan da Amurka, ƙasashe uku daga cikin waɗanda suka fi riƙe da kasuwar wannan doki. An duba littattafan salsala da dokokin ciniki da sharuɗɗan gidajen gwanjo, tare da wasu rigingimu da suka yi fice. Matsayar maƙalar ita ce takardun da ke bin dokin asalinsa suke tabbatarwa, ba sa tabbatar da mai shi. Mallaka tana wucewa ne ta hanyar ƙulla ciniki, kuma a nan masu harkar suka fi yin sakaci. An kwatanta wasu mas'aloli da fiƙihun Malikiyya a inda kwatancin ya dace.

1.0 Gabatarwa

Wanda ya buɗe kundin gwanjon dawaki na Newmarket a Ingila, ko na Lexington a jihar Kentaki ta Amurka, zai tarar an ba kowane doki shafi guda cur. A sama ga sunan ubansa da uwarsa da kakanninsa, a ƙasa ga jerin tseren da dangin uwarsa suka ci. To, sai ya nemi sunan mai dokin. Sau da yawa abin da zai gani sunan wata gona ne da kalmar wakili a gefe, ko tsohon lafazin Ingilishin nan da ke cewa dokin na wani dattijo ne, shi ke nan. Mutanen wannan sana'a sun shafe fiye da shekara 200 suna tsare nasabar dabba kamar yadda gidan sarauta ke tsare jerin magabatansa, amma tambayar da ake fara yi a kara, wato "na wane ne?", ita takardunsu suka fi jin nauyin amsawa.

A cikin maƙalar zan riƙa kiran wannan jinsi dokin salsala, domin salsalar ce ta mai da shi abin da yake. An samar da shi a Ingila a ƙarni na 17 da na 18, kuma ta wajen uba duk dokin salsalar da ke duniya yau yana komawa ga ɗaya daga ingarmu uku: Byerley Turk, da Darley Arabian wanda aka kai Ingila a 1704, da Godolphin Arabian. Wasu masana na ganin na ukun dokin Arewacin Afirka ne, dangin waɗanda fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da su zuwa ƙasashenmu. Ba zan taɓa batun cacar da ta dabaibaye tseren ba, hukuncinta sananne ne. Cinikin dabbar kaɗai na sa a gaba.

2.0 Abin da littafin salsala ya sani

James Weatherby ya fitar da gabatarwar babban littafin salsalar dawakin Ingila a 1791, kuma har yau kamfanin iyalinsa, Weatherbys, shi ke riƙe da littafin na Birtaniya da Ayalan. A Amurka ƙungiyar Jockey Club, wadda aka kafa a 1894, ita ke riƙe da nasu. Duka biyun ba ma'aikatun gwamnati ba ne, kuma ikonsu ya taƙaita ga tambaya ɗaya: wannan duƙushi ɗan wane ne da wance?

A kan wannan tambaya ba sa wasa. Ba a yi wa duƙushi rajista sai ingarma ya hau goɗiya da kansa, ba a karɓar barbarar allura ko dashen ɗan tayi. Tun 2001 Jockey Club ke gwada ƙwayoyin halitta daga gashin dokin don tabbatar da iyayensa. Birtaniya da Ayalan sun fara sanya wa 'yan duƙushi wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a wuya tun 1999, Amurka ta wajabta hakan daga haihuwar 2017, sannan daga 2018 ta mayar da takardar rajistar kanta ta kwamfuta. Ana zana kamannin dokin, launinsa da farin goshi da farin ƙafa da inda gashi ya murɗe, kamar dai yadda namu ke bambance akawal da kili da danda. Suna ba ya wuce harafi 18. Hatta ranar haihuwa an daidaita ta: a arewacin duniya kowane dokin salsala yana ƙara shekara ne ran 1 ga Janairu, ko da a Afrilu aka haife shi.

Da aka zo kan mallaka sai tsananin ya kwance. Jockey Club tana rubuta sunan da aka kawo mata, ba ta zama alƙali tsakanin masu jayayya. A Ingila dokar 2018 ta tilasta kowane doki ya kasance da fasfo, ta kuma ba wanda ya sayi doki kwana 30 ya sanar da hukumar da ta bayar da fasfon. Sai dai an ƙirƙiro fasfon ne don gane dabbar da tsare lafiyar masu cin nama, shi ya sa akwai shafin da ake rubuta ko an ba dokin maganin da ya hana a yanka shi. Fasfo yana tafiya da doki duk inda ya je, yana hannun mai horarwa ko mai barga ko direban motar da ta ɗauko shi. Riƙe shi ba ya mai da mutum mai doki, kamar yadda riƙe katin asibitin yaro ba ya mai da mutum ubansa. Akwai kuma rajista ta uku, wadda hukumar tsere ke yi don sanin wa za a ba kuɗin nasara da kuma rigar wa mahayi zai sa. Ita ma za mu ga iyakarta a gaba.

Duk da haka takardun nan suna da ƙarfi ta wata fuska, domin doki ba takarda ba ya shiga tsere, 'ya'yansa kuma ba sa shiga littafi. Saboda haka suka zama abin riƙo. Mai ingarma yakan riƙe takardar shaidar barbara har sai an biya shi, kuma muddin tana hannunsa duƙushin da aka haifa ba zai samu rajista ba. Wanda ya sayi goɗiya da ciki bai tambayi wannan takarda ba, zai iya wayar gari da bashin wani a wuyan duƙushinsa.

3.0 Lokacin da doki ke fita daga hannu

A idon doka doki haja ne, hukuncinsa ɗaya da na buhun masara ko mota. A Ingila dokar sayar da kaya ta 1979 ta ce mallaka tana wucewa a lokacin da masu cinikin suka nufa. Idan ba su faɗa ba, kuma hajar ayyananniya ce ba a ɗora wani sharaɗi ba, to tana wucewa da zarar an ƙulla ciniki, ko an biya ko ba a biya ba, ko an ja dokin ko yana nan a turkensa. Asara kuma tana bin mallaka. Ɗalibin fiƙihu ba zai ji wannan baƙo ba, don a Malikiyya ma lamunin ayyananniyar haja irin dabba yana komawa kan mai saye da ingantaccen ƙulli, in ban da wasu wurare da aka togace. A Amurka dokar kasuwanci ta bai-ɗaya ta fi karkata ga miƙa kaya: in ba a yi wata yarjejeniya ba, mallaka tana wucewa lokacin da mai sayarwa ya kammala miƙawa. Ta kuma nemi rubutu a duk cinikin da ya kai dala 500, ta ƙidaya abin da ke cikin cikin dabba a matsayin haja, abin da fiƙihu ya hana a sayar shi kaɗai saboda garari.

Bambancin nan ba na takarda kaɗai ba ne. Doki dabba ce da ciwon ciki ke iya kashewa a dare ɗaya, ko ya harbi bango ya karye. Idan an yi ciniki ta waya ranar Litinin, motar ɗauka za ta zo Alhamis, dokin ya mutu Laraba, to asarar wa? Wanda bai rubuta amsar ba ya bar wa kotu ta zaɓa masa.

Gidajen gwanjo sun daɗe da gane haka, shi ya sa sharuɗɗansu suka fi dokar kanta bayani. Richard Tattersall ya kafa gidansa a Landan a 1766, yanzu yana Newmarket, kuma har gobe da gini ake tayi a can, wato fam ɗaya da sule ɗaya a tsohon lissafi. A al'ada fam na mai doki ne, sulen kuma la'adar gidan. Ciniki yana faɗawa da bugun guduma, daga wannan bugu kuma duk abin da ya sami dokin a kan mai saye yake, har kamfanonin inshora suna da kariya ta musamman mai farawa daga daidai lokacin. Sai dai a Tattersalls mallakar kanta ba ta wucewa sai an biya kuɗi duka. Ke nan akwai tsakanin da dokin ba naka ba ne amma mutuwarsa taka ce. Manyan gidajen Amurka irin su Keeneland da Fasig-Tipton sun bi wata hanyar: mallaka da asara duka suna wucewa da guduma, amma gidan yana riƙe da haƙƙin jingina a kan dokin da kuma takardar rajistarsa har a cika masa kuɗi.

Batun aibi ma an tsara shi. Kafin gwanjo mai sayarwa yana ajiye hotunan ƙashin dokin a wani ɗaki da likitocin masu saye ke shiga su duba. Bayan guduma ana ba mai saye ɗan gajeren lokaci ya mayar da doki saboda wasu aibobi da aka lissafa, kamar matsalar numfashi, ko ɗabi'ar cizon katako da haɗiyar iska idan ba a sanar ba, ko samun haramtaccen magani a jininsa. Abin da ya wuce jerin nan, ka saya ka saya. Babu mai lamunce maka gudu. A 1983 Sheikh Mohammed na Dubai ya sayi Snaafi Dancer a Keeneland kan dala miliyan 10.2, dokin bai taɓa shiga tsere ba, da aka kai shi barbara kuma sai aka tarar kusan ba ya haihuwa. A 2006 an sayi The Green Monkey kan dala miliyan 16, ya fita sau uku bai ci ko ɗaya ba. Ba wanda ya iya tayar da waɗannan cinikai, don rashin gudu ba aibi ba ne a shari'a, ƙaddara ce.

Sauran abu ɗaya shi ne mutum ba ya sayar da abin da ba nasa ba. Wanda ya sayi dokin sata, komai kyawun niyyarsa, mai shi zai karɓe abinsa, wato babin da malamanmu ke kira istihƙaƙi. Ingila ta taɓa yin dokoki na musamman a kan haka a 1555 da 1589: sai an tsayar da doki a fili a kasuwa na awa guda tsakanin ƙarfe 10 na safe da faɗuwar rana, a kai shi gaban marubucin kasuwa ya rubuta farashi da launi da alamu da sunayen masu ciniki, a kuma samu wanda zai tsaya wa mai sayarwa. Wanda ya san yadda dillali ke tsaya wa baƙo a kasuwannin dabbobinmu zai ga hikimar ɗaya ce. A ganina waccan tsohuwar doka ta fi fasfon yau kula da tambayar "na wane ne?".

3.1 Tseren sallamawa

Amurka tana da wata hanyar sauya mallaka da ba ta da tamka a sauran cinikayya, kuma babban kaso na tseren da ake yi a ƙasar irinta ne. Zan kira shi tseren sallamawa. Ana sa wa tseren farashi, a ce dala 30,000, duk wanda ya shigar da dokinsa kuwa ya sallama shi a wannan kuɗi ga duk mai lasisin da ya jefa takardar nema a akwati kafin a tashi. Idan masu nema sun yi yawa sai a yi ƙuri'a. Manufar ita ce a hana mutum kawo babban doki cikin ƙanana ya kwashe kuɗi, tunda in ya yi haka zai rasa shi a arha.

A jihohi da yawa tsohuwar ƙa'ida ita ce mallaka tana wucewa da zarar an buɗe ƙofar tashi. Kuɗin nasarar ranar na tsohon mai shi ne, dokin kuwa na sabon ne, da rai ko a mace, lafiyayye ko karyayye. Illar a bayyane take: mai gurgun doki yana iya danne masa ciwo da magani ya jefa shi tsere don ya rabu da shi. Bayan dokar tarayya ta 2020 kan amincin tseren dawaki, ƙa'idojin da suka fara aiki a Yulin 2022 sun ba da damar soke neman idan dokin ya mutu a fili, ko aka ɗauke shi a mota, ko likitan hukuma ya same shi da ɗingishi bayan tseren. Gyaran ya yi daidai, ya kuma nuna cewa inda aka ajiye lokacin wucewar mallaka yana iya zama sanadin rayuwar dabba ko mutuwarta.

Wani lokaci kuma mai sallamawa ne ke cizon yatsa. A Satumban 2021 gonar Calumet ta shigar da dokinta Rich Strike tseren dala 30,000 a filin Churchill Downs, ya ci da tazara mai nisa, aka ɗauke shi. Wata takwas bayan nan, a wannan fili dai, ya ci Kentucky Derby ta 2022, sabon ubangidansa ya tashi da dala miliyan 1.86.

4.0 Doki ɗaya, iyayengiji da yawa

Babban kuɗin dokin salsala yana wajen barbara, shi ya sa ake yanka ingarma kashi-kashi kamar hannun jari. Da Christopher Chenery ya rasu a Janairun 1973, harajin gado ya taso wa iyalinsa, sai 'yarsa Penny ta amince aka raba dokinsu Secretariat kashi 32, kowane kan dala 190,000, jimla miliyan 6.08. Abin lura shi ne an raba haƙƙoƙin gida biyu: gidan Chenery ya ci gaba da tafiyar da tseren dokin da cin kuɗinsa har ƙarshen shekarar, masu hannun jari kuma kowa ya samu damar kawo goɗiya ɗaya duk shekara bayan ya yi ritaya. An rubuta wannan dalla-dalla tun kafin dokin ya lashe manyan tsere uku na Amurka a wannan shekara. A nan ya kamata a tuna cewa hadisi ya hana karɓar kuɗin barbarar namijin dabba, amma Malikawa sun halatta hayarsa idan an ƙayyade lokaci ko adadin hawa.

Shergar, wanda ya ci Derby ta Epsom a 1981 da tazarar da ba a taɓa gani ba, mai shi, Aga Khan, ya raba shi kashi 40 kan fam 250,000 kowane, ya riƙe shida. Ran 8 ga Fabrairun 1983 'yan bindiga suka sace shi daga gonar Ballymany a Ayalan suka nemi fansar fam miliyan 2. Ga alama sun ɗauka dokin na mutum ɗaya ne, alhali sauran kashi 34 suna hannun mutane da dama a ƙasashe daban-daban. Ba a biya ba, ba a sake ganin dokin ba. Kowane mai kashi inshorarsa daban: waɗanda suka yi ta sata an biya su, waɗanda suka yi ta mutuwa kaɗai suka rasa, don babu gawar da za a nuna.

Rikici ya fi tsanani idan kashin kyauta aka yi da baki. A shari'ar Cochrane da Moore ta 1890, wani matashi mai ɓarnar dukiya, Benzon, ya ce ya ba Moore rubu'in dokinsa Kilworth, amma dokin bai motsa daga bargar mai horarwa ba. Daga baya ya jinginar da dawakinsa ga Cochrane, mai ba da rance. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta yanke cewa kyautar baki ba tare da miƙawa ba ba ta wuce da mallaka. Moore ya tsira ne ta wata ƙofa, domin Benzon ya gaya wa Cochrane zancen rubu'in shi kuma ya amsa, sai kotu ta ɗauki hakan a matsayin amana a wuyansa. Malikiyya ta ɗan sassauta: kyauta tana lizimta da furuci, wanda aka ba yana iya neman a miƙa masa, amma ba ta cika sai da hauzi, wato karɓa a hannu, kuma idan mai kyautar ya mutu ko ya tsiyace kafin nan ta ɓaci. Tambayar da duka tsarin biyu ke fama da ita ita ce yaya ake miƙa rubu'in doki.

Fiye da shekara 100 bayan wannan hukunci sai ga tarihi ya maimaita kansa a kan mutumin da masu kallon ƙwallo a ƙasashenmu suka sani sarai, Sir Alex Ferguson na Manchester United. Abokinsa John Magnier, mai gonar Coolmore a Ayalan, ya sa aka rubuta sunan Ferguson a rajistar tsere a matsayin mai rabin dokin Rock of Gibraltar, tare da matar Magnier, Susan. Dokin ya riƙa fita da jar rigar Ferguson, ya ci manyan tsere bakwai a jere tsakanin 2001 da 2002, har da 2000 Guineas ta Newmarket, duniya kuma tana kiransa dokin Ferguson. Da ya yi ritaya zuwa barbara, inda miliyoyin suke, Ferguson ya ce rabin nasa ne. Coolmore ta ce abin da aka ba shi bai kai nan ba. Babu rubutacciyar yarjejeniyar da za ta raba gardama. Ferguson ya shigar da ƙara a Babbar Kotun Dublin a ƙarshen 2003. Magnier da abokinsa J. P. McManus, waɗanda hannun jarinsu a Manchester United ya kai kusan kashi 29 cikin 100, suka aika wa hukumar ƙungiyar tambayoyi 99 kan yadda ake tafiyar da ita. An sasanta a wajen kotu a Maris 2004, jaridu suka ruwaito an ba Ferguson fam miliyan 2.5. A Mayun 2005 mutanen biyu suka sayar da hannun jarinsu ga Malcolm Glazer, abin da ya buɗe masa ƙofar mallake ƙungiyar. Ba zan ce dokin ne kaɗai sanadi ba, amma da an rubuta shafi ɗaya a 2001, da ya kashe wutar tun ba ta kama ba. Sunan Ferguson yana cikin rajista, hotonsa yana jan ragamar dokin yana ko'ina, duk ba su amsa tambayar ba.

5.0 Dillali mai cin baki biyu

Da wuya mai kuɗi ya sayi doki da kansa, wakili ke duba masa ya yi tayi, la'adarsa a al'ada kashi 5 cikin 100. Ɓarnar da aka fi sani ita ce wakilin mai saye ya haɗa baki da mai sayarwa a kumbura farashi su raba rarar, ko a sa 'yan kore su riƙa ɗaga tayi ba da niyyar saye ba, abin da fiƙihu ya kira najashi ya haramta. Jess Jackson, attajirin Kalifoniya da ya shigo harkar da kuɗi masu yawa, ya kai wasu mashawartansa ƙara a 2005 bisa irin wannan zargi, ya kuma matsa har Kentaki ta yi doka a 2006. Dokar ta wajabta rubutacciyar takardar ciniki mai ɗauke da farashi da sa hannun ɓangarorin biyu. Ta hana mutum wakiltar mai saye da mai sayarwa a lokaci guda sai da sani da rubutacciyar yardar kowannensu, ta wajabta bayyana duk la'adar da ta wuce dala 500, ta kuma ba wanda aka cuta damar neman ninki uku na asararsa. Abin mamaki a nan shi ne jihar da ta fi kowace kiwon dokin salsala a Amurka sai a ƙarni na 21 ta tilasta rubuta rasit, alhali aya ta 282 a Suratul Baƙara ta daɗe da koyar da rubuta mu'amala da kafa shaidu.

Ko rubutun ma yana da iyaka, don sharaɗi yana ɗaure waɗanda suka sa hannu ne kawai. Ferdinand, wanda ya ci Kentucky Derby a 1986, an sayar da shi zuwa Japan a 1994, ya yi ta sauya hannu, kuma bincike ya nuna a mayanka ya ƙare wajen 2002. Tun daga nan masu sayar da ingarmu zuwa ƙetare suka fara sa sharaɗin a ba su damar fansar dokinsu idan an gama da shi. Sharaɗin yana aiki ne idan an ɗora wa mai saye nauyin sanya shi a cinikin gaba.

6.0 Inda abin ya shafe mu

Masu wasan folo a Kaduna da Kano da Katsina, da masu sukuwa, suna shigo da dawaki daga Ajantina da Afirka ta Kudu da Turai, wasunsu dokin salsala ne tsantsa, wasu ruwa biyu. Idan dokin salsala zai bar ƙasarsa, hukumar littafin ƙasar ce ke fitar da takardar ƙaura, kuma wanda aka fitar ba a bi wannan hanya ba ya yanke da salsalarsa, 'ya'yansa kuma dawaki ne kawai komai kyawunsu. Idan rigima ta taso a gida, jihohi da dama har yanzu suna aiki da dokar sayar da kaya ta Ingila ta 1893 ko wadda aka kwaikwaya daga gare ta, Musulmi kuma suna iya zuwa kotun shari'a. Duk inda aka je, alƙali zai tambayi abin da aka ƙulla da wanda ya shaida.

Don haka kirana ga lauyoyi da malaman fiƙihu shi ne mu haɗu mu tsara takardar cinikin doki da Hausa, gajeriya, wadda kotunan biyu za su karɓa. Ta faɗi sunan dokin da lambarsa da kamanninsa, da farashi da kafin alƙalami, da ranar da mallaka za ta wuce da ranar da asara za ta koma kan mai saye, da aibin da ake mayarwa da kwana nawa. Ta ƙunshi furucin mai sayarwa cewa ba bashin barga ko na barbara ko jingina a kan dabbar, ta bayyana la'adar dillali da wanda ya biya ta, in kuma tarayya ce ta faɗi ko kashin ya haɗa da 'ya'yan da za a haifa. Ga mai saye kuma, kafin ka biya ko kwabo, sa likitan dabbobi ya ɗora na'ura a hagun wuyan dokin ya karanta lambar nan mai alƙaluma 15, ka gwada ta da wadda ke cikin fasfo, sannan ka ce wa mai sayarwa ya nuna maka takardar da shi ma ya sayi dokin da ita.